Safiyar Laraba: yadda iyaye a Faransa suka kayar da sabon tsarin lokutan makarantar ƙananan yara

A Faransa yawancin yaran firamare da na nazare ba sa zuwa makaranta ran Laraba. Litinin, Talata, sai hutu, sai Alhamis da Juma'a, shikenan sati ya ƙare. Wanda bai san ƙasar ba zai ce kai waɗannan yara sun huta, kwana huɗu kacal, toh amma sai ka duba tsawon yinin tukunna, awa 6 ake yi a aji kullum, daga wajen 8:30 na safe har 4:30 na yamma da hutun cin abinci a tsakiya, kuma wannan fa har da ɗan shekara 3 da bai daɗe da barin goyo ba. In iyayensa duk suna aiki to ba 4:30 zai koma gida ba, sai ya ƙara zama wajen masu kula da yara har shida ko ma fiye.

A 2013 gwamnati ta ce za ta gyara wannan, ta rage tsawon yini ta dawo da karatu safiyar Laraba. Likitoci sun goyi baya, masu binciken barcin yara sun goyi baya, har babbar ƙungiyar iyaye ta FCPE ta goyi baya, amma cikin shekara biyar kusan duk ƙasar ta watsar da tsarin ta koma inda ta fito. Abun da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɓangarorin biyu hujja ɗaya suka riƙe, masu so suna cewa yara sun gaji shi ya sa za mu canza, masu ƙi suna cewa canjin ne ya gajiyar da yaranmu, kuma in ka bi a hankali za ka ga kowa da gaskiyarsa.

Shi kansa hutun tsakiyar satin ba don barcin yaro aka ƙirƙiro shi ba. Ya samo asali ne daga dokar Jules Ferry ta 1882, lokacin da aka fitar da koyar da addini daga makarantun gwamnati, sai aka ce to bayan Lahadi za a bar wa iyaye rana ɗaya a sati su kai yaransu coci su koyi addini, a lokacin Alhamis ce ranar. Sulhu ne tsakanin gwamnati da cocin Katolika. A 1969 aka cire karatun Asabar da yamma, sai sati ya karkace, shi ne a 1972 aka matso da hutun daga Alhamis zuwa Laraba don ya faɗo tsakiya. Haka aka yi ta tafiya ana zuwa safiyar Asabar a yawancin wurare har 2008, zamanin Sarkozy, ministan ilimi Xavier Darcos ya soke Asabar ɗin gaba ɗaya ya maida sati awa 24. Iyaye da yawa sun ji daɗi don sun samu cikakken ƙarshen mako, musamman ma waɗanda aure ya mutu suke karɓa-karɓar yara, malamai ma ba su yi kuka ba. Sai dai lissafin da ya fito bai yi kyau ba: kwana 144 kawai yaro ke zuwa makaranta a shekara alhali matsakaicin ƙasashen OECD, ƙungiyar da yawancin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ya haura 180, kuma cikin waɗannan 'yan kwanaki ake cusa awa 864 na karatu. Kwanaki kaɗan, kowanne da nauyi.

A 2010 majalisar likitocin ƙasar ta fitar da rahoto ta ce satin kwana huɗu bai dace da jikin yaro ba. Dalilinsu bai da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa renon yaro. Jiki na son tsari ɗaya, a kwanta lokaci ɗaya a tashi lokaci ɗaya, to yaron da ya san gobe Laraba babu makaranta daren Talata ba zai kwanta da wuri ba, iyayen ma ba za su matsa ba, sai ya zamana sau biyu a sati ana karya masa agogon barci, sau ɗaya a tsakiya sau ɗaya a ƙarshen mako, Litinin ya zo yana hamma, Alhamis ma haka. Masu bincike irin su François Testu da Hubert Montagner sun daɗe suna nuna cewa hankalin yaro yana hawa ne da hantsi ya kai ƙololuwa kafin azahar, bayan cin abinci ya faɗi, manyan yara kan ɗan farfaɗo wajen la'asar amma ƙanana ba kasafai ba. Kenan in kana da awa 24 da za ka raba, ya fi ka samu safiya biyar a kan safiya huɗu. A kan wannan ni ban ga abun musu ba.

Da François Hollande ya hau mulki a 2012, ministansa na ilimi Vincent Peillon ya sa hannu a doka a watan Janairun 2013. Awa 24 ɗin tana nan ba a taɓa ta ba, amma za a raba ta kan kwana huɗu da rabi, a ƙara safiyar Laraba, yini kar ya wuce awa 5 da rabi, hutun rana kar ya gaza awa ɗaya da rabi. Awa 3 ɗin da aka kai Laraba an zare su ne daga sauran ranakun, wato kaman minti 45 kullum. Daga nan matsalar ta faro, don in makaranta ta tashi 3:45 maimakon 4:30, wa zai je ɗaukar yaro? Uwa tana ofis, uba yana wajen aiki, babu mai kamfanin da zai sallame su don ministan ilimi ya canza agogo. Sai gwamnati ta ce ba komai, ƙananan hukumomi su cike gibin da wasanni da kiɗa da zane da wasan kwaikwayo, har ma aka tallata shi a matsayin alheri, ɗan talaka da bai taɓa riƙe abun kiɗa ba zai samu abun da ɗan mai kuɗi ke samu ran Laraba da kuɗin babansa. Niyyar mai kyau ce ƙwarai. Amma ka lura da abun da ya faru a zahiri, yaron da iyayensa ke aiki bai bar harabar makaranta da wuri ba ko da minti ɗaya, 4:30 ɗin dai ita ce, sannan an ƙara masa tashin sassafe ran Laraba. Awannin aji ba su ƙaru ba amma awannin da yake yi cikin taron yara da hayaniya sun ƙaru. Lokacin da iyaye suka fara cewa yaranmu na dawowa a galabaice, ba ƙarya suke ba.

Inda abun ya fi muni shi ne matanel, nazaren tasu kenan, yara 'yan shekara 3 zuwa 6. Ɗauki Paris, wadda magajin garinta Bertrand Delanoë ya shiga tsarin tun shekarar farko. Litinin da Alhamis ana tashi 4:30 kaman da, Talata da Juma'a malama na gamawa ƙarfe 3 sai ma'aikatan hukumar birni su karɓa har 4:30, Laraba kuma a tashi 11:30. Babu rana biyu a jere da suke kama da juna. Ɗan shekara 3 bai san Talata ba bai san Alhamis ba, abun da ya sani shi ne bayan abinci a kwanta, bayan an tashi a ɗan yi wasa da malama, sannan a buɗe ƙofa mama ta shigo. Yanzun ka duba shi ran Talata: ya ci abinci a ɗakin cin abincin makaranta, an kwantar da su a ɗakin barci kan 'yan ƙananan gadajensu wajen ƙarfe ɗaya, labule a sauke, wasu sun ɗau lokaci kafin barcin ya zo, yana tsaka da shi sai ƙarfe 3 ta gabato, dole a tashe shi a sa masa takalmi don malama za ta miƙa aji, wani baƙon mutum ya shigo da takarda yana kiran sunaye, wannan ƙungiyar zane waccan ƙungiyar rawa, ɗakin dai shi ne na ɗazu amma dokokin sun canza, abun da malama ta hana taɓawa yanzun an ce a ɗauka. Ya ga malama ta ɗau jaka ta fita, a saninsa fitar malama na nufin mama ta iso, ya leƙa ƙofa babu kowa. Irin wannan kukan iyaye da malamai suka yi ta kai wa hukuma a watannin farko, har sai da ma'aikatar ilimi ta fitar da wasu shawarwari na musamman kan matanel kafin ƙarshen 2013 tana cewa a daina katse wa yara barcin rana, a rage yawan canjin fuskoki. Gaskiya tun farko bai kamata a kai ga haka ba, riga ɗaya aka yanka wa ɗan shekara 10 da ɗan shekara 3 aka ce kowa ya sa, alhali binciken da aka dogara da shi kansa ya nuna jikinsu ba ɗaya ba ne.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ita ta karya tsarin fiye da komai. A Faransa gwamnatin tsakiya ke biyan malamai amma ginin firamare da shara da abinci da duk abun da ya shafi bayan aji yana wuyan ƙaramar hukuma, kuma a lokacin suna da irin waɗannan hukumomi sama da 36,000, da yawansu ƙauyuka ne masu 'yan ɗaruruwan mutane. Gwamnati ta ba da tallafin Yuro 50 kan kowane yaro a shekara, da ƙarin 40 ga yankunan da ba su da ƙarfi, ƙungiyar magadan gari ta ce abun da ake kashewa ya kai wajen Yuro 150. Kuma ko da kuɗin a hannu, ina magajin garin ƙauye zai samo ƙwararren da zai yarda ya tuƙo mota daga nesa don aikin minti 45? Don a sauƙaƙa musu sai aka sassauta ƙa'ida, mutum ɗaya ya kula da yara 14 'yan ƙasa da shekara 6 maimakon 10, manya kuma 18 maimakon 14. Sakamakon shi ne birni mai arziki ya kawo malamin kiɗa da na wasan kwaikwayo kyauta, wani garin kuma a tara yara a fili a ba su ƙwallo ko takarda da fensir mai kala a jira lokaci ya cika, wasu wuraren ma sai iyaye sun biya. Gyaran da aka kawo don rage tazara tsakanin ɗan mai shi da ɗan mara shi sai ya ƙara fito da tazarar fili. Su kuwa makarantun kuɗi, waɗanda yawancinsu na Katolika ne, dokar ba ta tilasta musu ba, mafi yawansu suka ci gaba da kwana huɗunsu, iyaye na gani.

Malamai ma tun kafin a fara suka shiga yajin aiki, na Paris a Janairun 2013, na ƙasa baki ɗaya a Fabrairu. Nasu ƙorafin a fili yake, an ƙara musu ranar fita aiki da kuɗin mota da neman mai riƙe musu nasu yaran, albashi bai bi ba, kuma ajinsu da suka shirya da hannunsu ya zama na kowa da kowa bayan ƙarfe 3. Shi ya sa a shekarar farko hukumomi wajen 4,000 ne kawai suka shiga, sauran suka jinkirta zuwa 2014, shekarar da ta zo daidai da zaɓen ƙananan hukumomi, sai abun ya koma makamin siyasa, 'yan adawa suka rungume shi, jam'iyyar Hollande ta sha kaye a zaɓen watan Maris, Peillon ya bar kujerar. Wanda ya gaje shi, Benoît Hamon, ya ba da dama a tattara awa 3 ɗin wasannin a yamma ɗaya, birane irin su Lyon da Marseille suka zaɓi yammacin Juma'a. Ka ga an dawo da yinin awa 6 kenan, ga tashin Laraba, ga ƙarshen mako da ya ƙara tsawo zuwa kwana biyu da rabi, wato daidai abun da likitoci suka ce a guje masa. Da aka koma makaranta a Satumban 2014 har akwai magadan garin da suka garƙame ƙofar makaranta da kwaɗo ran Laraba sai da kotu ta sa suka buɗe.

Amma kuma in za a yi adalci, ba duk abun da iyaye suka kira gajiyar yaro ba ne gajiyar yaro. Laraba a Faransa an gina rayuwa guda a kanta, kulob ɗin ƙwallo, makarantar kiɗa, darasin coci, ganin likitan haƙori, yini gidan kaka, duk ran Laraba ne, kuma akwai mata da yawa da suka rage aikinsu zuwa kwana huɗu a sati, suka haƙura da wani kaso na albashi da ƙarin girma, don kawai su zauna da yara wannan rana. Matar da ta yi wannan sadaukarwa ka zo rana ɗaya ka ce mata an canza, dole ta ji zafi. Wasu masana tattalin arziki biyu, Emma Duchini da Clémentine Van Effenterre, sun bibiyi abun suka gano bayan gyaran iyaye mata sun ƙara fita aiki ran Laraba, kenan tsarin da aka tsana ya ɗan sauke wa mata wani nauyi da aka daɗe ana ɗora musu ba tare da an tambaye su ba. Kuma ka tambayi kanka wane yaro ne Larabar ke wa amfani. Wanda uwarsa ke da halin ajiye aiki ta kai shi iyo da kiɗa, ko wanda uwarsa ke sharar ofisoshi, ya yini gaban talabijin ko a cibiyar ajiye yara tun safe? Na biyun nan ai ko da makaranta ko babu da sassafe zai tashi. Iyayensa kuma ba su ne ke cika taron makaranta suna ɗaga murya ba.

Macron ya yi alkawari a kamfen ɗinsa na neman shugabancin ƙasa cewa zai bar wa kowane gari zaɓi, yana hawa ministansa Jean-Michel Blanquer ya fitar da doka a ƙarshen Yunin 2017. A wannan shekarar sama da kashi 40 cikin 100 na hukumomin suka koma kwana huɗu, zuwa 2018 sun kai wajen kashi 87. Paris da wasu 'yan birane ne suka tsaya. A takarda har yau kwana huɗu da rabi shi ne ƙa'ida, kwana huɗu alfarma ce ake nema, amma alfarmar ta cinye ƙa'idar. Magajin gari ya huta da neman ma'aikata, malami ya samu Larabarsa, iyaye sun samu tsarin da suka saba, shi kuma ɗan shekara 3 ya koma yinin awa 6 da kwana 144, an gudu ba a tsira ba. Daga 2019 ma doka ta wajabta ilimi tun daga shekara 3, duk da an bar ƙofa ga iyayen 'yan ajin farko su nemi sassauci kan zaman yamma.

Mu ma nan ba baƙin wannan lissafi ba ne. Kaduna ta maida ma'aikatanta aikin kwana huɗu a ƙarshen 2021 zamanin El-Rufai, makarantun gwamnati suka bi a farkon 2022 aka tsawaita yini don a cike awannin Juma'a, kuma duk wanda ke da yara a arewa ya san tsawaita yinin boko ba ya tsayawa a boko, yana taɓa islamiyyar yamma, yana taɓa lokacin da yaro zai ci abinci ya ɗan kwanta. A manyan garuruwanmu kana ganin 'yan nazare cikin motar makaranta ko a bayan mashin tun gari bai gama wayewa ba, jaka ta fi su girma, kai na lilo don barci, a tashi boko a zarce lesin, a dawo a canza kaya sai islamiyya har kusan magariba. Kowane ɓangare in ka tambaye shi awanninsa ba su da yawa, ba wanda ke zama ya haɗa jimillar daga tashin yaro zuwa kwanciyarsa. Kuskuren da Peillon ya yi kenan, ya ƙirga awannin aji da ke ƙarƙashin ma'aikatarsa ya bar sauran yinin ga wasu.

Akwai kuma abun da kowa a Faransa ya san shi ne tushen cunkoson amma ba a iya taɓa shi, wato hutu. Sati 36 ake karatu, sati 16 hutu ne, ciki har da wajen sati 8 na bazara. In kana son yini ya gajarta da gaske ba tare da rage karatu ba, hanya ɗaya ce, ka ƙara yawan kwanaki, ka yanko daga dogon hutun. Kwamitin da ministan ilimi na lokacin Luc Chatel ya kafa ya ba da wannan shawara tun 2011, a rage hutun bazara da sati biyu. Peillon ma ya furta a 2013 cewa sati shida ya isa, aka yi masa ca, maganar ta mutu a nan. Dalili kuwa hutun yara kasuwa ce babba, otal-otal da wuraren shaƙatawa na bakin teku da na kan duwatsu inda ake wasan ƙanƙara duk da kalandar makaranta suke cin abinci, shi ya sa ma aka raba ƙasar shiyya uku, A da B da C, kowace da nata lokacin hutun hunturu da na bayansa don kar masu yawon buɗe ido su zo a lokaci ɗaya su tafi a lokaci ɗaya, ko da hakan zai sa wata shiyyar ta yi zango gajere wata ta yi mai tsawon da yara ke jigata. Malamai ma, da albashinsu bai kai na takwarorinsu na Jamus ba, suna kallon dogon hutun a matsayin wani ɓangare na hakkinsu, kuma ban ga laifinsu ba in ba a zo musu da ƙarin kuɗi a hannu ba.

A 2025 Macron ya sake buɗe maganar, ya sa aka zaɓo gama-garin 'yan ƙasa ta hanyar ƙuri'ar canki-canka suka zauna watanni suna sauraron masana kan lokutan yara, a watan Nuwamba suka miƙa rahoto, kuma cikin abun da suka nema har da komawa karatun kwana biyar, Litinin zuwa Juma'a, darussa masu nauyi da safe, na aikin hannu da motsa jiki da yamma. Yawan makonnin hutun kuwa sun bar shi yadda yake. In har za a sake gwadawa, ni dai abun da zan so in gani shi ne a ware matanel daban tun a takarda, lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, barcin rana ya zama ba mai taɓa shi, mutanen da yaro zai gani da yamma su zama waɗanda ya sani tun safe, sannan gwamnatin tsakiya ta ɗau nauyin biyan masu kula da yaran da kanta a kowane ƙauye kafin ta sa ranar farawa.